Tuwona da Kujerar Motar Tsere

Shekarun baya, lokacin da na biyo maigidana Kuala Lumpur ta ƙasar Malaysia, na tarar ya rame kamar ba shi ba. Ya daɗe shi kaɗai yana karatun injiniyan motoci, abincinsa daga taliyar leda sai shayi. A filin jirgi da na ga wuyan rigarsa yana lilo, sai da na yi hawaye. A raina na ce, in Allah ya yarda sai na cika bawan Allahn nan.

Ashe ramar tana da amfani. Shi da abokan karatunsa suna ƙera motar tsere ta gasar jami'o'i, irin mai kujera ɗaya, tayoyi a waje, da fiffike gaba da baya. Ranar da ya kai ni na ga ƙarafunanta, na ce, "Yallaɓai, ni a ina zan zauna? Cefane fa?" Ya yi dariya ya shiga ba ni tarihi. Motarsu ta farko injinta ya ɗau zafi ta mutu ana tsakiyar tsere. Ta biyu nauyi ya yi mata yawa, ta zo ta ƙarshe. Wannan karon sai suka matse sabuwar motar, suka sa mata fiffiken da iska ke dannawa ta manne da ƙasa a kwana. Da yake shi ne siririn cikin masu iya tuƙi, a jikinsa aka auna ta, har kujerar ma da siffar bayansa aka zuba ta.

Na saurara, na ce masha Allah, na manta. Na gano hanyar kasuwar Chow Kit, ina ɗauko kuɓewa da busasshen kifi da ƙafar saniya. Ɗumame da safe, tuwon shinkafa da rana, farfesu da yamma. In ya ce ya ƙoshi sai in ɓata rai, shi kuwa ba ya son ɓacin raina, sai ya ƙara. Kumatu suka fito, ina ta hamdala.

Ranar da aka gama haɗa motar ya dawo gida jiki a sanyaye. Ƙa'idar gasar ita ce direba ya iya ficewa daga motar cikin ƙiftawar ido, saboda tsoron gobara. Shi kuwa da ƙyar ya shiga, fita ta gagara, sai da abokansa suka zaro shi. Shugabansu, wani ɗan Malaysia, ya dafa masa ciki ya ce in har ranar tantance direbobi bai iya ficewa a kan lokaci ba, wani za a ba motar.

Na ce, "Don Allah me ya hana ka faɗa min tun da wuri?"

Ya ce, "Hajiya, kina tsaye a kaina da ludayi, ta ina zan fara?"

Wallahi ni na fi shi shan wahalar makonnin da suka biyo baya. In zuba masa a ƙaramin faranti, in gudu ɗaki don kar in ga ya suɗe. Bayan sallar asuba mu zagaya unguwarmu ta Sri Petaling a ƙafa, Litinin da Alhamis mu ɗauki azumi tare. Mahaifiyata ta gan shi a waya ta ce, "Ke, horon yunwa kike yi wa ɗan mutane?" Na rasa yadda zan yi mata bayanin cewa mota ce ta sa.

Ranar tantancewa ya suɓuce daga motar kamar kifi. Alhamdulillah.

Ranar tsere ina cikin 'yan kallo da carbi a hannu. Ana farawa sai ruwan ƙasar nan ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Motoci suka riƙa sulɓewa suna juyawa a kwana, tasu kuwa ta kama ƙasa ƙam. Na rufe ido ina "Ya Hafizu". Wata baiwar Allah da ke kusa da ni ta jijjiga min hannu tana "Boleh! Boleh!", wato zai iya. Ina buɗe ido na ga ya bi ta cikin kwanar ƙarshe ya wuce motar da ke gabansa. Shi ya fara tsallake layi.

Ni ɗin da ko maƙwabta ba su san muryata ba, ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba. Jama'a suka waigo a firgice, suka ga mace cikin hijabi tana kuka tana dariya, sai suka hau tafi.

Da ya zo da kofin, gumi da ruwa sun jiƙa shi, abin da ya fara ce min shi ne, "Akwai tuwo?"

Da can na ɗauka duk ƙaunar da zan nuna wa mutum a cikin tukunya take. Motar nan ce ta koya min in riƙa tambayar abin da yake buƙata kafin in ɗora masa abin da nake so. Hotonta na nan rataye a falonmu. Yanzu ko ƙafarsa ɗaya ba za ta shiga kujerar ba, amma in ya ce ya ƙoshi, ajiye ludayina nake yi.