Man Motar Mala

Har gobe ban manta da ranar da muka je unguwar Shehuri roƙon mai ba, man da bai wuce cikin kwalbar lemo biyu ba. Ku yaran yanzu gani kuke fitina ce ke damuna idan na hana ku ɗura wa mota duk man da hannunku ya faɗa a kai. Na san har suna kun sa mini, wai Baba Ba-shi-ba-ne, kuna zaton kunnena ya tsufa. To ku ajiye sifanun nan ku ji inda na samo halin.

Lokacin ina garejin Ba Modu a Bulumkutu, a shekarar da aka katse layukan waya, ga dokar hana fita tun rana ba ta faɗi ba. Ba Modu shi ne maigida, Babarbare ne dogo, maganarsa ba ta da yawa. Shi ke karɓar mota, ya saurari kukanta ya faɗi ciwonta, sannan ya miƙa ta ga mai inji, ko mai lantarki, ko ni da nake riƙe da ɓangaren giya. Iyayena Kanawa ne, shi ya sa bai taɓa kirana Habu ba sai Afuno, yadda Barebari ke kiran Bahaushe.

Don wanda ba ɗan sana'a ba, mota mai ja da ƙafa huɗu tana da akwatin giya, a bayansa kuma akwai wani ƙaramin akwati da ke raba ƙarfi tsakanin tayoyin gaba da na baya. Mu akwatin fowil muke ce masa. A tsofaffin motoci kowane mai ka zuba masa zai haƙura. A manyan motocin gudu kuwa, cikinsa faifaye ne sirara da ke kama juna suna saki, kuma mai ɗaya tak suka sani. Man giya daban, nasa daban. A gari kuwa an saba da jan mai guda, shi ne na giya, shi ne na sitiyari, shi ne na komai, kamar maganin mai tallan kasuwa.

Kafin rikici, idan ana bikin 'ya'yan masu hali, samari kan yi wasan mota a bayan gari. Biyu ne suka gagara, Babagana da Mala. Jif iri ɗaya suka saya, ƙirar Jamus, ta Babagana baƙa, ta Mala fara, kuma idan ɗaya ya taka totur sai ka ji ƙarar a ƙirjinka. Ba sa ga-maciji. Duk a wurinmu suke gyara, amma kowa sai ya aiko an duba masa ko ɗayan yana nan kafin ya zo. Daga baya, wata rana da gari ya hargitse, Mala ya fita a ƙafa bai dawo ba. An nema har an gaji, ba gawa, ba labari.

Ranar da nake ba ku labari, da hantsi Babagana ya shigo, idanunsa jajur. Wani mutum ya iso a ƙafa daga ƙauyen su Babagana na can arewa, ya ce duk mai ƙafa ya gudu, saura waɗanda ba za su iya ba. Cikinsu akwai mahaifin Babagana mai shanyewar ɓarin jiki, da matar Babagana da ta je jinya, da 'ya'yansu ƙanana. An rufe kwalta, sai hanyar yashi. Niyyarsa washegari da an buɗe shingen bakin gari ya kama hanya. Sai dai motar ta fara wata irin kakkarwa idan ya sha kwana.

Ba Modu ya ce masa ya murɗe sitiyari gaba ɗaya ya zagaya fili a hankali. Muka ji tayoyin suna tirjiya, kar-kar-kar. Aka hau da ita kan rami. Na ɗigo man giya a tafin Ba Modu, ya murza, ya shinshina, ya ce wannan lafiyarsa lau. Da na kwance na akwatin fowil, sai ga shi ja wur.

"Wa ya taɓa maka nan?" in ji Ba Modu.

"Yoyo ta fara, Ba. Wani a bakin hanya ya cika mini. Ya ce ai duk ɗaya ne."

"Kama da wane ba ta wane." Ya sake kai tafin hancinsa. "Allah ya so ka, bai yi ƙauri ba, faifayen ba su ƙone ba tukuna. Afuno, bar shi a buɗe ya tsiyaye, ku je ku nemo nata."

Babu shagon kayan mota da ba mu shiga ba, ni da Babagana. Manyan motocin Kano sun daɗe ba su shigo ba, kantoci duk sun rame. Kowa jan nan yake miƙo mana yana rantsuwa. Da muka dawo hannu rabbana, haƙurin Babagana ya ƙare.

"Ba, a zuba sabon jan kawai. Da babu gara ba daɗi."

"A kwalta zai kai ka inda za ka," in ji Ba Modu. "A yashi faifayen nan ba sa hutawa. Za su yi zafi su ƙone, tayoyin gaba su daina ja, ta zauna da cikinta. Kuma inda za ta zauna, ɗana, ba wanda zai zo ya tura ka. Ni ba da hannuna ba."

Babagana ya zauna a kan wata tsohuwar taya ya rufe fuska. Tausayinsa ya kama ni ƙwarai, don ban taɓa zaton mai wannan taƙamar zai iya karyewa haka ba. A nan ne abin ya faɗo mini. Ni na canja wa farar motar Mala man akwatin fowil, ainihin nata, ana saura 'yan kwanaki ya ɓace. Tun daga nan ba ta taka titi ba. Na faɗa musu man yana nan a cikinta, za a iya ɗiba.

"Ba zan iya haɗa ido da Hajja ba," in ji Babagana.

Duk gari an san yadda Hajja Falmata, mahaifiyar Mala, take da motar nan. Ba irin kuɗin da ba a taya ba, ta ce ba ta sayarwa ba ce. Kowace Juma'a sai an yaye tamfol an wanke ta, an tayar da injin ya ɗan yi ɗumi, don ranar da mai ita zai dawo ya tarar da abarsa a shirye. Ba Modu ya wanke hannu da kananzir da sabulu, ya saka hularsa ta zuwa masallaci. Muka tari keke napep.

Mun same ta a kan darduma a farfajiyar gida, ƙamshin turaren wuta ya cika wurin, motar tana gefe a inuwar dalbejiya. Suka yi gaisuwarsu ta Barebari mai tsawo, wushe, wushe, kamar ba gaggawa ce ta kawo mu ba, ni kuwa idona na kan inuwa ina lissafin dokar hana fita. Sannan Ba Modu ya koma Hausa don in bi zancen, ya yi mata bayani tiryan-tiryan, bai ƙara ba bai rage ba.

Ta daɗe tana kallon tamfol ɗin. "Idan kun ɗebe, in Mala ya dawo gobe, motarsa za ta tafi?"

Na so a ce ya sassauta mata. Ba Modu ya ce, "Ba za ta tafi ba, Hajja. Sai an buɗe hanyar Kano."

Babagana, kansa a ƙasa, ya kira ta yadda Barebari ke kiran uwa, ya ce, "Ya, za a iya zuba mata jan kafin nan."

Ta juyo ta dube shi. "Wanda aka ƙi zuba wa taka, shi za a zuba wa ta ɗana?"

Na sakankance mun tashi a tutar babu, kuma wallahi ban ga laifinta ba. Ba mai muke roƙo ba, cewa muke ta yarda ɗanta ba zai dawo gobe ba. Sai na ji tana tambayar Babagana sunan mahaifinsa, da sunayen yaran ɗaya bayan ɗaya, da ko ƙaramin ya fara tafiya.

"Kai ne mai baƙar," ta ce. "Mala yana cin ka a wasan nan naku?"

"Kullum, Ya."

"Ƙarya kake. Sau nawa yana dawo mini yana huci, ko abinci ba ya ci."

Ta ɗan yi murmushi, hawaye na bin kuncinta. Ta kwance bakin mayafinta, ashe a nan makullin yake ɗaure. Ta miƙa wa Ba Modu, ta ce, "Ku ɗiba. Kada ko ɗigo ya taɓa ƙasa." Da ta ga tasar gareji da na zo da ita, ta ce ba a cikin wannan ba, ta aika aka fito da sabon kwanon samira daga ɗakinta.

Na shiga ƙarƙashin motoci ba iyaka, amma ban taɓa kwance noti da bismillah irin ta ranar ba. Man ya zubo garau, kalar zuma, kamar jiya na zuba shi. Na jira har ɗigon ƙarshe, muka tace da farin ƙyalle, na rungumo kwanon a keke kamar jariri. A gareji na canja robar da ke yoyo, muka hura akwatin da iska don ragowar jan ya fita, na ɗura man da sirinji har ya leƙo bakin ramin ɗurawa. Babagana ya murɗe sitiyari ya zagaya fili. Ba kakkarwa, ba tirjiya, motar nan ta juya sumul. Na tsaya ina mamakin yadda ɗan abin da bai cika kwano ba ke juya ƙarfe mai wannan nauyi. Ba Modu ya ce masa kada ya tsaya a yashi ko me ya gani, kuma ya rage iskar taya.

Ya tafi da sassafe. Ba waya, ba mai zuwa daga can balle a tambaya. Kwanakin nan ko noti na ɗaura sai na sake dubawa, don hankalina ba ya jikina. Ba Modu kuwa duk ƙarar babbar mota sai ya ɗaga kai.

Wata azahar wani mai keke ya zo ya ce ana kiranmu a Shehuri. Mun tarar da baƙar jif a ƙofar gidan Hajja, ta koma kalar ƙasa, madubi ɗaya ya karye. Ko gidansu bai biya ba, nan ya fara zuwa. Ana ta fitowa daga cikinta kamar ba za a ƙare ba, matarsa, yaransa, wasu tsofaffi mata da ban sani ba, sannan aka ɗauko mahaifinsa a tabarma. Babagana ya ce mana a hanya ya wuce motoci sun nutse a yashi har ciki, ƙofofinsu a buɗe, ba kowa. Ya ce akwai inda ya ji tayoyin baya sun saki, sai ya ji na gaba sun cafke sun fizge shi.

Hajja ta fito tana dogara sanda. Ba ta bi ta kan godiyar da ake mata ba, ni ta nufo.

"Ɗana, ina ne man Mala yake?"

Na durƙusa na nuna mata. Tsohuwar nan ta ajiye sanda, ta sa gwiwa a ƙasa da tsadadden lufayarta, ta miƙa hannu ƙarƙashin mota ta dafa akwatin. Na ce mata da zafi, Hajja. Ba ta ɗauke hannun ba sai da ta gama addu'arta. Ba Modu, wanda ban taɓa ganin hawayensa ba, ya juya yana gyara hular da ba ta karkace ba.

Abin da na koya ke nan, mota ba ta san lallashi ba, kuma wanda ya kawo maka ita ba ka san ran mutum nawa ya ɗora a kai ba. Idan ba ka da abin da ya dace, ka ce ba ka da shi, ko da mai motar zai zage ka. Kuma kada ku raina mutanen garin nan, akwai masu ba da abin da ya fi ƙarfin kuɗi.

Motar farko da ta shigo daga Kano bayan an buɗe hanya, da ita saƙona ya zo, na je na mayar wa farar motar man nata. Mala bai dawo ba har yau. Hajja ta tsufa tukuf, amma ana nan ana wanke motar kowace Juma'a, ni kuma duk shekara ina zuwa in canja mata mai. Ba ta zuwa ko'ina, na sani. Ainihin nata nake zuba mata.