Kaskon Inna da Sunan da Ke Cikinsa

Kakarmu ta wajen uba, wadda kowa ke kira Inna, ba ta jin ɗumi da kaskon ƙasa kamar sauran tsofaffin unguwarmu ta bayan Hubbare a Sakkwato. Nata na ƙarfe ne, baƙi ƙirin, mai faɗin baki, ya ɗan lotsa a gefe guda. Idan sanyi ya shigo, ana idar da magariba za ta zuba garwashi a ciki, ta ɗora shi kan duwatsu a ƙofar ɗakinta, mu jikoki mu zagaye shi muna ture juna. Ni ce sarkin surutu a cikinmu, Inna kan ce bakina ya riga haƙorana fitowa.

"Ku matso, ɗiyana, ga ta nan tahe," in ji ta. Mu ce ta iso mu ji.

Tatsuniyoyinta da yawa, amma akwai guda da ba ta tsallake ta ko wace shekara. Wai wani maharbi ne sarki ya aika bayan babban ruwa. Aka daɗe shiru, sai abokinsa ya dawo da hularsa, ya ce a gabansa ruwa ya tafi da shi. Matar ta yi kuka, ta yi takaba, ta fita. Daga baya ta auri wani baduku, ta haifi ɗa namiji. Ran nan tana daka da goyo a baya sai ta ji sallama. Ta ɗago, ga maharbi tsaye, ya rame, yana ɗingishi. Bai yi faɗa ba. Ruwa ya roƙa ya sha, ya leƙa fuskar yaron ya ce Allah ya raya, ya juya. Ba a ƙara ganinsa ba.

Nan Inna za ta tsaya ta dube mu. "To, wa ad da laihi?"

"Matar mana!" Ni ke fara cewa, da ƙarfi kuwa. "Mi ya hana ta jira? Ni da ni ce, ko zan tsufa sai na jira shi!"

"Awo," in ji ta, "kun yi gaskiya." Ta tona garwashin da tsinke, ta ce mu tashi lokacin isha'i ya yi. Kakanmu Malam Sule, Allah ya ji ƙansa, baduku ne, a gida cike da warin jima muka tashi, amma wallahi ko sau ɗaya ban haɗa ba.

A shekarun da kuɗin mai suka ɓarke, soja na mulki, Baffa Umaru ƙanen babanmu ya samu aiki a kamfanin siminti na Kalambaina. Kowa a lokacin sabon abu yake so. Ya sayo wa Inna bargo da sabon kasko, ya ɗauki tsohon ya kife a ƙofar gida wurin shara, ita tana can gidan suna. Maƙwabcinmu Baba Bitrus, mutumin Zuru, kafinta ne kuma tsohon soja da Turawa suka kai Bama a Yaƙin Duniya na Biyu, ya zo wucewa ya tsaya cak.

"Umaru, wa ya yar da wannan? Ai hular kwano ce! Irinta na ɗauka a kaina a dajin Bama."

Ya tafi da ita shagonsa. Da Inna ta dawo ta nemi kaskonta, aka ce ana gyara mata, tuwon ranar ba ta taɓa shi ba. Baba Bitrus ya jiƙa hular da kananzir, ya goge ta da yashi da toka da lemun tsami, ya buga lotsawar da gudumar katako, ya shafa mata koren fenti, har maɗaurin fata ya sa mata. A ƙarƙashin bakinta, inda wuta ba ta ci sosai ba, ya iske an karce suna da ƙusa, yadda sojoji kan yi don kada a musanya.

Da yamma ya yi sallama ya shigo da ita a hannu biyu, muna zaune kewaye da sabon kasko. Ya ƙame ya sara wa Inna.

"Inna, ashe maigidanki namu ne ba ki taɓa faɗi ba? Ga sunansa nan, Garba Wurno."

Bakin nan nawa bai jira kowa ba. "Ai Kakanmu Sule sunansa!"

Inna ta karɓi hular ta ɗora a cinya, tana shafa wurin da aka buga. Sannan ta dubi Baba Bitrus.

"Malam Bitrus, in soja ya dawo daga can ya iske ba shi da gida, ina ya ka zuwa?"

Baba Bitrus ya sauke hannunsa a hankali. Ya ce wasu sun tafi Kaduna gadi, wasu sun bi jirgin ƙasa Kudu, wasu kuma Allah kaɗai ya san inda suka ƙare. Inna ta ce to, ta gode, ta shige ɗaki da hular. Ni kuwa na ji kamar an watsa mini ruwan randa. Yaron da ke goye a tatsuniyar babana ne.

Sai da na girma, na yi aure, na ga mata suna fita takaba, na gane babu abin da Inna ta yi da Allah ya hana. An ce mata ya mutu, ta bi abin da addini ya ce. Amma zuciyarta ba ta sallame ta ba, shi ya sa take kawo ƙarar kanta gabanmu kowace shekara, ko wani yaro zai ce ba laifinta ba ne. Ba wanda ya ce. Abin yana cina har gobe, don muryata ta fi ta kowa tashi.

A ciwonta na ƙarshe ta kira ni ta riƙe mini hannu. Ta ce in na yi sadakar Juma'a, in riƙa sa Garba a ciki, don ba ta san ko yana da mai yi masa ba. Ina yi. Duk Juma'a nakan dama fura in aika masallaci, in ambaci iyayena, in ambaci Inna da Malam Sule, in ambace shi. Autata ta taɓa tambayata wane ne Garba. Na ce mata kakanta ne shi ma.