Da Hannu Ɗaya a Kogin Pamlico

Asabar: Greensboro zuwa Oriental

Ƙarfe biyar da rabi, muna idar da sallar asuba, muka bar gidanmu a Sedgefield, ni da maigidana Alhaji Sani. Ni ke tuƙi. Tun da ya yi ciwon shanyewar ɓarin jiki bara, hannunsa na hagu bai koma daidai ba. Na zuba mana dambun nama da fanke a kula, shayi kuwa filas biyu.

Alhaji ɗan Yawuri ne, a bakin ruwa ya tashi. Shekara shida muna koyon tuƙa ƙananan jiragen ruwa masu tafiya da iska a tafkin Townsend, kullum yana cewa in ya yi ritaya sai mun sayi babba, mai ɗakin kwana. Ya yi ritayar, ciwo ya biyo baya, sai ya daina zancen. Ni na tono shi. Na samo jirage biyu na sayarwa a intanet, ɗaya mai tsawon ƙafa talatin da shida a Oriental, ɗaya ƙafa talatin da biyu a Washington, ƙaramar ta jiharmu, ba babban birni ba.

Mun wuce Raleigh bakwai saura, kafin cunkoso. A Kinston muka sha mai, muka karya. Daga New Bern hanya ta tsuke, gonaki da dogayen itatuwa hagu da dama. Goma saura kwata muka shiga Oriental, mil ɗari biyu da ashirin daga gida.

Dillalin, wani dattijon Bature mai jar hula, yana jiranmu a kwata, inda ake ɗaure jirage. Jirgin kam ya haɗu. Katakon ciki sai sheƙi, ɗakin kwana biyu, kicin har da firij. Alhaji ya shafa jikinsa ya ce, "Hadiza, wannan ai gida ne."

Sha ɗaya muka fita gwaji a kogin Neuse. Nan na ga matsalar. Filafilinsa, wato babban ƙyallen da iska ke turawa, sai an taka gaba zuwa gindin sandar tsakiya kafin a ɗaga shi, hannu biyu a kan igiya, jirgi na tangaɗi. Alhaji ya yunƙura zai je, dillalin ya ce, "Yallaɓai, zauna ka huta, ni da uwargida mun isa." Da kyakkyawar niyya ya faɗa. Amma awa biyu mijina na zaune a kan kujera kamar fasinja, yana murmushin da na san ba na daɗi ba ne.

Mun kwana a wani ƙaramin otal mai kallon ruwa, dala ɗari da arba'in. Da la'asar muka ci soyayyen kifi da jatan lande. Alhaji yana cikin ci ya ce, "Mu ɗauki wannan. Ke kya riƙa tuƙawa, ni in riƙa kallo."

Na ce, "Alhaji, mu dai ga ɗayan tukuna."

Lahadi: Oriental zuwa Washington

Bakwai muka tashi. Maimakon zagaye ta New Bern, muka bi ta Aurora, muka shigar da mota cikin jirgin fito. Rabin awa ya tsallakar da mu kogin Pamlico, kyauta. Ma'aikacin da ke jera motoci ya leƙo ya ce, "Kamun kifi za ku?" Na ce jirgi za mu saya. Ya dubi mayafina, ya dubi hular Alhaji, ya ɗaga mana babban yatsa. Tara da rabi muna Washington.

Wannan ba dillali. Mai jirgin ce da kanta, wata tsohuwa 'yar siririya, ta haura saba'in. Jirgin ya fi na jiya tsufa, fentinsa ya koɗe, ɗakin kwana ɗaya, kicin ɗin kuwa in na juya sai gwiwar hannuna ta bugi bango. Na ga fuskar Alhaji ta sauya.

Matar ta ce bayan rasuwar mijinta shekara takwas tana fita ita kaɗai, don haka ta sa aka jawo duk igiyoyin zuwa wurin sitiyari, aka sa musu na'urar naɗi mai riƙe igiya da kanta. Ta lura da hannun Alhaji, ba ta ce komai a kai ba. Da muka fita fili ta kashe inji, ta koma gefe ta zauna, ta ce masa, "Kyaftin, jirgi na hannunka."

Ya dube ni. Na harɗe hannuwa na kau da kai.

Ya tokare sitiyarin da ƙugu, ya kama mariƙin na'urar da hannun dama ya fara juyawa. Filafilin ya hau kaɗan kaɗan. Ya tsaya ya numfasa, gumi na zuba, ƙafata har ta motsa zan tashi, na danne ta. Ya ci gaba. Da ƙyallen ya kai ƙoli iska ta cika shi, jirgi ya ɗan kishingiɗa ya ɗauki hanya. Sai na ji muryar da na yi shekara ban ji ba.

"Hadiza, sunkuya! Zan juya!"

Na sunkuya, ƙarfen ƙasan filafilin ya wuce ta saman kaina. Sau biyar ya juya jirgin nan shi kaɗai. Na goge idona na ce iska ce.

Da muka dawo kwata ya tsaya ya daɗe yana kallon jirgin. Ya ce, "Kicin ɗin fa ya yi miki kaɗan."

Na ce, "Tuwon mutum biyu ne, Alhaji."

Ya juya ga matar ya miƙa mata hannu... sai ya tuna, ya dafe ƙirji ya ce mun saya, in mai duba lafiyar jirgi ya tabbatar ƙasansa lafiya.

Komawa gida

Mun haɗa azahar da la'asar a kan ciyawar bakin kogi, muka kama hanya ƙarfe uku ta Greenville da Wilson. Tun daga Wilson har Durham Alhaji yana waya da ƙaninsa na Yawuri, yana ba shi labarin juyi biyar ɗin nan ɗaya bayan ɗaya. Shida da minti ashirin muka tsaya a ƙofar gida.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Ina gode wa baiwar Allahn nan da ta san lokacin da ake komawa gefe a zauna.

Da zai yi alwala na ga igiya ta yi masa bororo biyu a tafin hannun dama. Na ɗauko man shafawa, ya janye hannun.

"Bar su," in ji shi. "Gobe da magariba sai mutanen masallaci sun gani."