Kayen Ticha

Tun ƙasar nan na amsa sunan Dahome nake fataucin shanu daga Paraku zuwa Ilori. Lekol, makarantar Faransanci, aji huɗu na yi. Masu sayen shanuna kuwa da Ingilishi suke aiko wasiƙa, sai in kai wa wani mutumin Jugu da ke zaune a Zangon Paraku, wanda ya daɗe a Kumasi wajen cinikin goro. Ticha muke ce masa. Ya karanta, ya fassara, ya rubuta amsa. Da wannan yake ci da iyalinsa.

Na roƙe shi ya koya mini harshen. Sunayen abubuwa nake so, sa da saniya da mota. Ya ƙi. Wata guda cur muna kan kalma ɗaya, "look", wato duba.

"Ticha, yau ma ita?"

"Ita, ɗan'uwa. Ba ta fita ita kaɗai. Ka bi ta da 'at', kallo ne. Da 'for', nema ne. Da 'after', kula ne, kamar yadda kake kula da garkenka. In ka musanya su, Bayarabe zai yi maka dariya har ya manta da ciniki."

"Ni dai na ga ja mini rai kake yi."

"Kanka ne ke ja maka rai," in ji shi, yana dariya.

Ni ban yi dariya ba. Raina ya ba ni cewa ba ya so in iya, don kada in daina zuwa. Daga nan na sa masa ido. Na lura duk wasiƙar da ya karanta, kafin ya miƙo ta sai ya buɗe wani shuɗin kaye, wato littafin rubutu, ya kwafi layi ɗaya ko biyu. Na tambaya, ya ce darasi ne. A shekarar kuma surukinsa na Jugu ya shiga harkar shanu, har sau biyu yana riga ni isa wurin mai sayen shanuna. Sai na ƙulla wannan da wancan.

Ran wata Juma'a, a rumfar mahauta a kasuwar Arzeke, na ce, "Ban ce Ticha ya yi wani abu ba. Amma ku tambayi kanku ina asirin wasiƙunku ke zuwa." Kafin wata ya mutu babu mai kai masa takarda. Ana gobe zai kwashe iyalinsa ya koma Jugu, na je kamar sallama, ya tashi alwala, na sa kayen a aljihu don in samu shaida.

Wani direba ɗan Ilori na ba ya karanta mini. Ya juya shafuka, ya juya.

"Maigida, ina asirin? Littafin koyarwa ne. Kowane shafi kalma ɗaya da 'yan rakiyarta. Inda sunan mutum ko farashi yake ma ya ja layi ya tsallake."

Na karɓe kayen, na ce kada ya gaya wa kowa.

Sai bayan damina biyu na iya zuwa Jugu. Na same shi yana kasa goro a kan tire a bakin tasha, ya rame. Na ajiye kayen, na durƙusa, na faɗi komai.

"Tashi, ɗan'uwa, mutane na kallo. Tsakanina da kai na yafe. Amma ba a nan ka ɗaure ni ba. A gaban mahauta ka ɗaure ni, can za ka je ka kwance."

Na ce to, Juma'a mai zuwa in Allah ya yarda.

Juma'ar ta zo, na ga rumfar cike, na ce sai ta sama. Haka na yi ta yi shekara da shekaru, ina tsoron a ce da ni maƙaryaci kuma ɓarawo. Ranar da na buɗe baki a ƙarshe, cikin waɗanda suka ji maganata ta farko mutum biyu ne suka rage, ɗayan ma kunnensa ya yi nauyi. Ticha kuwa ya shekara uku da rasuwa.