Kyandir ɗin Doña Hermelinda

Atishawa ɗaya Anselmo ya yi, kyandir ɗin gaban hoton Maryamu ya mutu. Shi coci ke aikowa ran Lahadi ya kai wa tsofaffin da ba sa fita gurasa mai tsarki ta Jibin Ubangiji. Tsohuwar da ya zo gidanta, Doña Hermelinda, wadda aiki a mayankar kajin Arkansas ta Amurka ya cinye ƙarfinta, ba ta bar wutar nan ta mutu ba tun da jami'an shige da fice suka tafi da ɗanta. Fada, limamin cocin, ya buga waya neman labarin ɗan har ya gaji, shiru.

Anselmo ya lalube aljihu, babu ashana.

"Mama, ai Maryamu tana gani ko a duhu," ya ce da dariyar yaƙe.

"Ita tana gani, sarkin surutu. Ɗana ne bai ga hanyar gida ba. Tashi ka nemo wuta."