Malam Bunyaminu da Allon da Ya Raba Biyu

Duk wanda ya bi ta bakin tashar Bagudo bayan asuba ya san rumfar Malam Bunyaminu. Yakan share gabanta da kanshi, ya yayyafa ruwa, ya ɗora ƙarfen dalma ya yi zafi, sannan ya sa tabarau ya ce bisimilla. Shekara ashirin da bakwai ke nan. Da rediyo ya fara, anka koma waya ya bi, kwamfuta ta zo bai gudu ba. Masunta sun san shi kan fitila, 'yan Kende kan rediyo. Yanzu ido ya fara gajiya, ya ce bayan kaka ƙauyen Lafagu zai koma gona. Shi ya sa ni Iyatu mai bandar kifi na ce sai na faɗi nawa tun yana ji.

Ɗiyata Munira tana buga takardu a shagon Alhaji Manu. Bara babur ya kayar da ita a hanyar Kende. Allah ya tsare rai, amma yatsu uku na hannun hagu sunka daina motsi, kafaɗar kuma ba ta yarda hannun ya matso tsakiya. Alhaji ya yi haƙuri wata huɗu, sannan ya ce in babbar salla ta wuce ba ta iya ba, zai sa wani a kujerar. Ban ga laifinshi ba. Amma kujerar nan ita ce duk karatun yarinyar nan.

Na ɗauki allon bugun, wanda suke ce ma kibod, na dire gaban Malam Bunyaminu.

Ya jujjuya shi ya ce, "Maman Munira, wanga lafiyarshi lau."

Na ce, "Na sani. Mai shi ce ba lafiya."

Na faɗa mishi yadda hannun ya zama, ya ce, "To sai mu yi mata nata. Mu raba shi biyu, kowane hannu da nashi, inda hannun ya ga dama ya zauna."

Sai dai dole a auna yatsunta, shi kuma ba ya taɓa hannun matar da ba muharramarshi ba. Ya ce in ɗebo laka a bakin gulbi, in shimfiɗa a faifai biyu, ta danna yatsunta ciki yadda ba ta jin zafi. Na yi. Don kar shatin ya lalace a hanya na shanya shi kwana biyu, na kai mishi.

Ya yanka katako, ya huhhuje. Maɓallai ya ciro daga matattun alluna, ɗan abin da ke riƙe hankalin allon kuma ya aika 'yan kasuwar Dole Kaina sunka zo mishi da shi. Kowane maɓalli da hannu ya ɗaura mai waya ya ɗiga dalma, kamar mai saƙa komar kifi. Mako uku yana kai.

Munira ta ɗora hannu ta ce, "Inna, ya matse ni."

Nan na gane kuskurena. Ni da nake yaɓe murhun banda duk shekara na san laka in ta bushe janyewa take yi. Na koma ina jin kunya na faɗa mishi. Dariya ya yi har ya cire tabarau.

"Wato ƙanwarta munka yi wa! Ke kam da kifi kinka kawo da ba ki bari ya bushe a hanya ba."

Ko tsaki bai yi ba. Na sake kawo shati ɗanye, lulluɓe da jiƙaƙƙen zane. Ya warware wayoyin nan kaf, ya sake katako. Sannan ya zauna gaban kwamfuta ya koya wa allon aiki: haruffan yatsun da sunka mutu ya mai da su ƙarƙashin masu rai, in ta danne wani maɓalli da babban yatsa sai su fito. Sau biyar Munira tana cewa a matsar da kaza, sau biyar yana matsarwa.

Kwana uku bayan salla Alhaji Manu ya ba ta takardar gona shafi biyu, ya tsaya kanta yana kallon katakai biyun nan da waya tsakaninsu. Da ta gama ya karanta har ƙasa, ya ce, "Abin dai ba kyan gani. Gobe ki zo da wuri."

Malam Bunyaminu, kai ne ka duba hannun yarinya ba ka taɓa shi ba, kuma ka fi waɗanda sunka taɓa gane shi. Ba ka ce ta yi haƙuri ta koma ɗaka ba. Allah ya ƙara wa idonka haske, ya sa aikin nan a mizani, ya yi wa gonarka albarka.

Ku kuma masu gyara da kuke tasowa, in an kawo muku abu, ku tambayi mai shi me ke damunshi kafin ku kama sukurdireba. Ku je rumfar nan ku zauna kafin kaka.

Ni na faɗa, Munira ta buga, da yatsu bakwai.