Gidan Gaban da Haliru Ya Ba Ɗansa

Kwana arba'in cur muka yi, mu 'yan tashar Jega, muna ɓoye wa mace ɗaya magana ɗaya. Direbobi, 'yan kamasho, masu faci, har da ni Yalwa mai tuwo, wadda kowa ya san bakina ba ya kwana da zance. Matar ita ce Amatullah, ƙawata tun muna tallan gyaɗa a Jega Magaji. Abin da muka ɓoye mata shi ne mijinta Haliru, da hannunsa, ya sa ɗansu cikin motar da ta yi ajalinsa.

Sai kun san Haliru za ku gane abin da ya sa har yau in na tuna jikina ke yin sanyi. Ɗan manomin albasa ne, amma tun yana shekara goma sha bakwai ya ajiye fartanya ya ce shi ban-ruwa ba zai kashe shi ba. Ya yi karen mota, ya yi wanki, daga bisani aka ba shi lodin motocin Koko da Yawuri. Shekara ashirin da shida yana wannan aiki. Gajere ne, kunnensa na hagu ba ya ji sosai, kuma taurin kai gare shi na innanaha. A tasha ba mai kiransa Haliru, Layi muke ce masa, domin wanda ya riga zuwa shi ke fara shiga mota, ko waye kai, ko ɗan waye. Na ga ranar da surukarsa ta yi awa biyu zaune a bencina da kazarta a hannu tana jiran mota ta cika, alhali ga wata ta tashi a gabanta. Tsohuwar ta yi wata uku ba ta amsa gaisuwarsa.

Mutane sun ɗauka tsabar adalci ne. Ni da nake zuba masa tuwo kullum na san dalilin. Ya taɓa gaya mini cewa motocin da ya yi wa lodi suka tafi ba su dawo ba sun fi ƙarfin yatsunsa, amma bai taɓa rasa barci ba, don wanda ya zo da wuri Allah ne ya kawo shi, wanda ya makara Allah ne ya tsare shi, shi nasa kawai rufe ƙofa. In ya taɓa layin, in ji shi, ya shiga aikin da ba nasa ba. Na ce masa to ai wannan tsoro ne, Layi, ba adalci ba. Ya yi dariya ya ce in ƙara masa miya.

'Ya'yansu biyar, huɗu mata, sai autansu Imrana. Yaron nan ya gama jami'ar Aliero, ya yi shekara biyu yana taya kawunsa ɗaurin buhunan albasa, sai aka kira shi intabiyun aiki a Yawuri. Ranar Alhamis ce. Amatullah da kanta ta goge masa farin kaftani da dutsen guga na gawayi, ta ce ba ta yarda da gugar kowa ba. Ya iso tasha wajen bakwai da rabi, ya tarar motar farko ta cika, ta biyu tana jiran mutum uku. Sai ƙarfe biyu ake nemansa, ba abin da ke korarsa. Ya zauna a bencina na zuba masa ɗumame.

Ina kallon Haliru. Ya dubi mota ta biyu, wata tsohuwar mota da manja ya zube a kujerarta ta baya aka goge da tsumma. Ya dubi farin kaftanin. Sai kawai ya taka ya buɗe gidan gaban motar farko, ya ce wa wani dogon mutum da ke zaune can ya sauko. Mutumin ya ƙi, Haliru ya kama hannun rigarsa ya jawo shi. Wallahi ludayin da ke hannuna sai da ya faɗi cikin miya. Direban ma ya tsaya riƙe da makulli yana kallo. Haliru ya kira Imrana. Yaron ya ji kunya, ya ce a bar bawan Allah ya tafi, shi zai bi ta baya. Uban ya sake kiransa, wannan karon da tsawa, shi ne ya wanke hannu ya shiga. Mutumin da aka sauke ya zagi Haliru ta uwa ta uba, Haliru ya rufe ƙofar motar ta tashi.

Awa ɗaya ba ta cika ba waya ta shigo. Gaba kaɗan da Maiyama tayar gaba ta fashe, motar ta shige ƙarƙashin tirela. Na baya sun sha da karaya. Direba da mutum biyun da ke gidan gaba ko shurawa ba su yi ba.

Tun kafin a dawo daga maƙabarta Atiku, shugaban direbobi, ya tara mu ya ce Amatullah tana da hawan jini, duk wanda ya bari ta ji yadda aka yi, shi da tasha har abada. Aka tsayar da magana ɗaya: wuri ɗaya ya rage, yaro ya shiga. Ni aka ɗora wa kai mata wannan ƙarya, na kuwa kai, ina kuka ina rantsuwa. Allah ya yafe mini.

Haliru bai yi kuka ba, sai dai ya zube kamar buhun da aka zazzage. Limamin tasha ya zaunar da shi ya ce kwanan Imrana ya ƙare tun kafin a haife shi, da a bencin Yalwa ya zauna ma a nan mutuwa za ta same shi, kuma jawo mutumin nan da ya yi shi ma rubutacce ne. Haliru ya ce ya yarda, bai taɓa musun ƙaddara ba. Abin da yake so a gaya masa shi ne, in rubutacce ne, me ya sa lokacin da ya kama rigar mutumin ya ji a ransa sarai cewa zai iya saki? Liman ya yi bayani mai tsawo, da ayoyi. Haliru ya yi godiya ya tashi, ban ga alamar ya sami abin da ya zo nema ba.

Ranar sadakar arba'in muna tsakar gida muna kwasar waina, maza suna zazzaune a zaure, zana ce kawai tsakaninmu. Sai muka ji sallama da kukan rago. Muryar na gane ta nan take. Dogon mutumin nan ne. Sunansa Attahiru, manomi daga Giwa Tazo. Ashe ya wuce ta wurin hatsarin a mota ta biyu, ya ga kujerar da aka tayar da shi, ya koma gida ya kwanta zazzaɓi na mako biyu. Uwarsa ta ce dole ya nemo wanda Allah ya yi sanadin kuɓutarsa ya gode masa. Ya jira ya cire albasarsa, ya ɗauro buhu biyu da rago a bayan a-kori-kura, wani baƙon direba ya yi masa kwatancen gidan. Da ya ga tabarmi da tukwane ya ɗauka suna ake yi.

Bawan Allah nan da fara'arsa ya fara. Ya ce ya zo neman gafara da godiya wurin mutumin da ya zaga. Ya ce ga shi zaune lafiya lau a gidan gaba, wannan malamin ya fizgo shi ya sa wani saurayi mai farin kaftani. Atiku ya yi wuf ya ce a kawo wa baƙo ruwa, wani ya hau tari, wani ya ja Fatiha da ƙarfi. Sai muka ji Haliru ya ce, "Ku bar shi shi ƙare." Attahiru ya ƙarasa, har da tambayar ko an san iyayen saurayin, yana so ya je ya yi musu gaisuwa. Ragon ne kawai ke kuka.

Na juyo na dubi Amatullah. Tana tsaye da faranti a hannu, idonta a kaina, ba a kan zanar ba. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, da ƙasa za ta tsage da na shige.

Haliru ya shigo ba hula. Mata suka dare. Ta ajiye farantin a hankali ta ce, "Malam, abu guda nike tambaya. Shi ya roƙe ka, ko kai ka kira shi?"

Na buɗe baki zan ce yaron ne ya matsa, rantsuwar ma tana kan harshena. Da ya yi shiru na daƙiƙa biyu da na fitar da ita, kuma duk tasha za ta tsaya a bayana, ya sani. Bai ko dube ni ba.

"Ni na kira shi. Ya ƙi, na sake kira."

Mun zata za ta faɗi, har wata ta riƙo kafaɗarta. Ta ture hannun. Ta ce, "Ƙaddara na karɓe ta tun ranar. Kai ne ban san yadda zan yi da kai ba." Daga nan ta ce a zuba wa baƙo abinci, daga nesa ya fito. Attahiru bai ci ba. An ce da aka gaya masa saurayin ɗan Haliru ne, a ƙofar zauren ya zauna dirshan ya ɗora hannu a ka, sai ɗaukarsa aka yi aka sa a mota.

Yau shekara uku ke nan. Ba ta yi yaji ba, ba ta nemi saki ba. Tana dafa masa, tana gaishe shi da safe, ranar da ya kwanta ciwo ita ta yi jinya. Ni ma bayan shekara ta fara amsa sallamata. Amma daga ranar ba ta ƙara ambaton Imrana a gabansa ba. Da mu tana yi, ta ba da labarin ƙuruciyarsa, yadda yake satar ƙanzo, har ta yi dariya. Da zarar ta ji sallamar Haliru sai ta tsuke baki ta ɗauko zancen tsadar gero.

Rannan da la'asar na fito daga wurinta, sai na yi kiciɓis da shi a zaure, tsaye, ledar cefane a hannu, ya kara kunnensa mai ji a jikin zana. Ciki Amatullah tana ba 'yarta labarin ranar da Imrana ya fara tafiya. Ya ɗaga mini hannu alamar in yi shiru. Na tambaye shi ƙasa-ƙasa tun yaushe yake nan, ya ce tun da ta fara. Kullum haka yake yi, sai ta gama yake sallama.